Ƙawancen UDN da BNA a Zaɓen Majalisar Birnin Yamai na 1956

Gabatarwa

A watan Oktoba na shekara ta 2024 aka sauke sunan Janar De Gaulle daga kan wani babban titi na birnin Yamai, aka maye gurbinsa da sunan Jibo Bakari. Mafi yawan waɗanda suka ji labarin, abin da ya faɗo musu a rai shi ne zaɓen raba gardama na 1958, lokacin da madugun jam'iyyar Sawaba ya kira ƴan ƙasa da su ce a'a ga tayin Faransa. Kaɗan ne suka tuna cewa shi ne zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko, kuma ya hau wannan kujera alhali jam'iyyarsa ba ita ta zo ta ɗaya a zaɓen ba. Ƙawance ne tsakanin jam'iyyu biyu, waɗanda kowacensu ta kasa kamo PPN-RDA a yawan kujeru, ya ɗora shi a kai. Wannan ƙawance ya cancanci waiwaye, domin shi ya buɗe wa Sawaba ƙofar mulkin ƙasa baki ɗaya, kuma daidai inda aka yi ɗinkinsa nan rigar ta yage kafin a cika shekara biyu.

Yamai da sabuwar dokar birane

Tun shekara ta 1926 Yamai ta karɓi matsayin babban birnin Nijar daga hannun Damagaram, amma har tsakiyar shekarun 1950 mazaunanta ba su kai 30,000 ba. Turawa suna zaune a Filato tare da ofisoshinsu, ƴan ƙasa kuwa suna unguwanni irin su Kalle da Gaweye da Zongo da Gamkalle. Al'amuran gari, kama daga kasuwa da tsabtar tituna har zuwa rabon filaye, suna hannun wani jami'in mulkin mallaka da gwamna ke naɗawa, wanda ake kira administrateur-maire. Mutanen gari ba su da ta cewa game da wanda zai riƙe wannan muƙami.

Dokoki biyu ne suka sauya wannan tsari. Ta farko ita ce dokar 18 ga Nuwamba 1955, wadda ta ɗaga wasu biranen Afirka da ke ƙarƙashin Faransa zuwa matsayin kwamin mai cikakken iko, da majalisa zaɓaɓɓiya da magajin gari zaɓaɓɓe; Yamai tana cikinsu. Ta biyu ita ce dokar 23 ga Yuni 1956, wadda aka fi sani da Loi-cadre ta minista Gaston Defferre. Ita ce ta bai wa duk baligi, namiji da mace, ƴancin jefa ƙuri'a, ta kuma soke tsarin nan na rajista biyu, ɗaya ta Turawa ɗaya ta ƴan ƙasa. Aka tsaida ranar 18 ga Nuwamba 1956 domin zaɓen majalisun biranen.

Akwai wani abu a cikin tsarin da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin a kansa duk labarin ya rataya. Jama'a ba su zaɓar magajin gari kai tsaye. Suna zaɓar ƴan majalisa ne, ana raba kujeru tsakanin jerin sunayen da jam'iyyu suka gabatar, sannan ƴan majalisar su zauna su fitar da magajin gari daga cikinsu. Ke nan jam'iyya tana iya zuwa ta ɗaya a akwati ta kuma faɗi a zauren majalisa, muddin ba ta haura rabin kujeru ba.

Ƴan siyasar wancan zamani sun fahimci darajar kujerar sarai. A wannan shekara ce Houphouët-Boigny ya zama magajin garin Abijan, Modibo Keita na Bamako, Gabriel Lisette na Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, Léon Mba na Libreville, Fulbert Youlou na Brazzaville. Kowa ya san cewa bayan wata huɗu za a yi zaɓen majalisun yankuna, inda za a kafa gwamnatocin ƴan ƙasa na farko, saboda haka wanda ya kama babban birni ya shiga wancan fage da ƙafar dama.

Asalin jam'iyyun uku

Jam'iyyar PPN ita ce uwa. An kafa ta a Yamai a watan Mayu 1946, shekarar da aka soke aikin tilas, ta kuma zama reshen babbar ƙungiyar RDA da aka assasa a Bamako. Malaman lakkwal da ma'aikatan ofis ne ƙashin bayanta. Jori Hamani shi ne wakilinta a majalisar dokokin Faransa, Jibo Bakari kuwa ya zama babban magatakardanta a 1947. Mutanen biyu ƴan'uwa ne, dukansu haifaffun Sudure kusa da Yamai, dukansu kuma sun yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal.

Da yake RDA tana ƙawance da jam'iyyar kwaminis ta Faransa, sai gwamna Jean Toby ya ɗauki PPN a matsayin abokiyar gaba. Da goyon bayansa aka kafa jam'iyyar UNIS a Maraɗi a 1948, wadda ta tattara sarakuna da ƴaƴan sarakuna da masu faɗa a ji. A zaɓen 1951 UNIS ta kwashe kujeru biyun da Nijar ke da su a majalisar Faransa, Georges Condat da Zodi Ikiya suka tafi Pari, Jori ya rasa tasa.

Kafin wannan, a 1950, Houphouët-Boigny ya riga ya raba gari da ƴan kwaminis, ya nemi sulhu da hukumomin mulkin mallaka. Jori da Bubu Hama suka bi shi. Jibo ya ƙi, hanyarsa da PPN ta rabu, ya koma ga aikin sandika. A nan ne ya gina ƙarfinsa, cikin lebura da direbobi da karnukan mota da ƴan dako da maɗinka da magina, mutanen da suka baro ƙauye suka zo birni neman na tuwo. A 1954 shi da abokansa, cikinsu har da Usman Ɗan Galadima na Madawa, suka kafa UDN. Jam'iyyar ta bi hanyoyin mota da kasuwannin gyaɗa ta yi saiwa a Maraɗi da Tasawa da Damagaram da Magarya. Kirarinta shi ne sawaba, kalmar Hausa mai nufin sauƙi bayan wahala, wadda tun 1950 ƴan NEPU ta Malam Aminu Kano ke amfani da ita a ƙetaren iyaka. A watan Yuli 1955 shugabannin RDA suka taru a Konakiri, suka tabbatar da PPN a matsayin reshensu ɗaya tilo a Nijar, suka kori UDN. Jibo ya zama ba shi da uwa a waje, ba shi da majingina wajen gwamna.

Ita ma UNIS ba ta tsira daga rarrabuwa ba. Condat, haifaffen Maraɗi, ya fice ya kafa UPN a 1953. A 1955 kuma Isufu Saidu Jarmakwai, ɗan gidan sarautar Doso, ya ja wasu jiga-jigai suka kafa BNA, mutanen Condat suka haɗe da su. A zaɓen majalisar Faransa na 2 ga Janairu 1956, jerin BNA ne ya fi samun ƙuri'u a faɗin ƙasa, Condat ya riƙe kujerarsa. PPN ta zo ta biyu, Jori ya koma Pari. UDN ta zo ta uku ba tare da kujera ba. Ke nan BNA babba ce a karkara, inda kalmar sarkin kanto ke kai mutane rumfar zaɓe. A cikin birnin Yamai kuwa, inda ma'aikaci da lebura ba su jiran umarnin sarki, ƙarama ce.

Lissafin zauren majalisa

Majalisar birnin tana da kujeru 27. Da aka ƙidaya ƙuri'un 18 ga Nuwamba, PPN ta samu 13, UDN ta samu 10, BNA ta samu 4. Ana bukatar 14 kafin a samu rinjaye. Kujera ɗaya ce tak ta rage wa PPN, amma ba ta da inda za ta samo ta sai a hannun ɗaya daga cikin abokan hamayyarta biyu. Nan take ƴan majalisa huɗu na BNA suka fi kowa daraja a cikin gari.

In da aƙida ce ke yanke hukunci, da BNA ta fi kusa da PPN, domin dukansu biyu sun yarda da tafiya tare da Faransa a sannu, alhali UDN ana yi mata kallon jam'iyyar masu yajin aiki da ƴan kwaminis. Sai dai tsakanin PPN da tsofaffin ƴan UNIS akwai shekara takwas na gaba. PPN ta daɗe tana kiransu ƴan amshin shatan gwamna, su kuwa sun san cewa in suka shiga inuwar giwa, wato alamar RDA, ba za a sake jin ɗuriyarsu ba, don kuwa Jori da Bubu Hama ba su rasa shugabanni ba, kujera ɗaya kawai suke nema.

Wajen Jibo lissafin daban ne, domin kowane ɓangare yana da abin da ɗayan ya rasa. UDN tana da matasa masu shiga lungu-lungu, da ƙwarewar shirya taro, amma ba ta da ƙofar shiga ƙauyuka, kuma kumandan-kumandan suna takura mata. BNA tana da sarakuna da ƙuri'un karkara da mutunci wajen hukuma, amma ba ta da dakarun da sabon zamani na ƙuri'ar kowa da kowa ke bukata. Akwai kuma dalili na uku da ya zo daga Pari. A lokacin jam'iyyar gurguzu ta SFIO ce ke jagorancin gwamnatin Faransa a ƙarƙashin Guy Mollet, Defferre ɗanta ne, kuma tana neman abokai a Afirka da za su rage wa RDA ƙarfi. Shiga wannan gida zai wanke Jibo daga tambarin kwaminis, ya kuma sa gwamna ya sassauta masa.

Cikin ƴan kwanaki aka ƙulla magana. Kujeru 10 da 4 suka zama 14, aka zaɓi Jibo Bakari magajin garin Yamai. Abin bai tsaya ga zauren majalisa ba: jam'iyyun biyu suka narke suka zama ɗaya, reshen Nijar na Mouvement Socialiste Africain, wato MSA, wadda aka yi babban taron kafa ta a Konakiri a watan Janairu 1957 a ƙarƙashin Lamine Guèye na Senegal. A bakin jama'a dai sunanta Sawaba, alamarta raƙumi.

Ga ƴan PPN wannan ƙwace ne, tunda su suka fi kowa ƙuri'u a garin da suke ɗauka gidansu. Ga doka kuwa babu aibi a ciki, domin ƴan majalisa 14 sun fi 13, kuma waɗanda suka zaɓe su ƴan gari ne kamar kowa. Wannan gardama, tsakanin haƙƙin wanda ya zo na ɗaya da haƙƙin waɗanda suka haɗu suka fi shi, a ranar ta shigo siyasar Nijar, ta kuma daɗe a cikinta.

Daga majalisar birni zuwa gwamnati

Amfanin ƙawancen ya bayyana a zaɓen majalisar yanki na 31 ga Maris 1957. Matasan UDN suka yi yawon kamfe, sarakunan BNA suka fito da talakawansu, gwamna Paul Bordier bai tare musu hanya ba. Sawaba ta samu kujeru 41 daga cikin 60, PPN ta tashi da 19, mafi yawansu a yammacin ƙasa. A watan Mayu Jibo ya zama mataimakin shugaban majalisar gwamnati, muƙami mafi girma da ɗan ƙasa ke iya riƙewa a lokacin, tunda gwamna ne shugaba. Condat ya zama shugaban majalisar yanki, wasu ƴan tsohuwar BNA suka samu ministoci. Cikin wata shida, jam'iyyar da ta zo ta uku a Janairun 1956 ta kama babban birni da majalisa da gwamnati.

Sai dai gida ɗaya ne mai ɗaki biyu, kowane ɗaki da abin da yake jira. Talakan da ya yi wa Sawaba waƙa yana jiran a rage masa lanho, a kuma taka wa sarkin kanto da dogaransa birki. Sarkin kanton da ya ba da ƙuri'un mutanensa yana jiran a ƙara masa albashi, a kare masa rawani. Ba a zauna an rubuta yadda za a daidaita waɗannan buƙatu biyu ba, domin abin da ya haɗa su tun farko shi ne hana PPN kujera, kuma wannan an riga an gama shi. Da gwamnati ta fara dakatar da wasu sarakuna tana tuɓe wasu, sai fadoji suka fara ja da baya. PPN kuwa, wadda a da take sukar sarauta, ta shiga zawarcinsu. A watan Afrilu 1958 rikici ya ɓarke a titunan Yamai tsakanin magoya bayan raƙumi da na giwa, abin da ya nuna cewa garin da aka ci da ratar kujera ɗaya bai taɓa zama na Sawaba ita kaɗai ba.

Ranar mayar da aro

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. A watan Yuni 1958 De Gaulle ya dawo kan mulki a Faransa, gwamnatin da ta yi wa MSA rumfa ta riga ta wuce. A watan Yuli, a taron jam'iyyar PRA a Kwatano, inda aka zaɓi Jibo babban magatakarda, aka yi kiran samun ƴancin kai nan take. De Gaulle ya bai wa yankunan Afirka zaɓi: ko su ce i su zauna cikin tarayya da Faransa, ko su ce a'a su ɗauki ƴancinsu tare da yankewar duk wani taimako. Sawaba ta tsaya a kan a'a.

Faransa ba ta shirya sakin Nijar ba, ƙasar da ke iyaka da Aljeriya inda take yaƙi, da kuma Nijeriya da ke gab da samun ƴanci. A watan Agusta aka naɗa sabon gwamna, Don-Jean Colombani, wanda ya sa dukan ƙarfin hukuma a bayan i. Bai sha wahalar gano inda zai sa wuƙa ba. Isufu Saidu Jarmakwai da da yawa daga cikin tsofaffin ƴan BNA suka fice daga Sawaba, manyan sarakuna suka bayyana goyon bayansu ga De Gaulle. Ƙuri'un karkara da suka zo ta hannun sarakuna a 1957, ta hannunsu suka koma.

Ranar 28 ga Satumba 1958, sakamakon da hukuma ta bayar ya nuna kashi 78 cikin ɗari sun ce i, kashi 22 sun ce a'a, kuma waɗanda suka fito ba su kai kashi 40 cikin ɗari na masu rajista ba. Matsin lambar hukuma da tsoratarwa sun yi aiki ƙwarai a wannan zaɓe, kuma ba za a ɗora faɗuwar Sawaba a kan ficewar abokan ƙawance kaɗai ba. Amma ficewar ce ta sauƙaƙa wa Colombani aikinsa. A Gine, inda Seku Ture ya soke sarautar kanto tun 1957 ya kuma kafa rassan jam'iyyarsa har cikin ƙauyuka, a'a ta yi nasara da gagarumin rinjaye.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Gwamnatin Jibo ta sauka a watan Oktoba, aka rusa majalisa, aka sake zaɓe ranar 14 ga Disamba. Wannan karon PPN ce ta ƙulla ƙawance da sarakuna da waɗanda suka baro Sawaba, a ƙarƙashin sunan UCFA, suka samu kujeru 49, Sawaba ta samu 11. Daga baya ma aka soke sakamakon Tasawa da Damagaram inda ta yi nasara. Ranar 18 ga Disamba aka ayyana Jamhuriya, Jori Hamani ya zama shugaban gwamnati, Bubu Hama shugaban majalisa, kuma daga baya kujerar magajin garin Yamai ta koma hannunsa. A watan Oktoba 1959 aka haramta Sawaba. Ƙasar ta shiga ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960 da jam'iyya ɗaya, Jibo yana gudun hijira, dubban magoya bayansa kuma suna fuskantar kamu da ɗauri, musamman bayan yunƙurin tawaye na 1964. Bai dawo gida ba sai bayan juyin mulkin 1974, ya rasu a Yamai a 1998.

Kammalawa

Lissafin 1956 ya sake dawowa da aka koma tsarin jam'iyyu da yawa. A zaɓen ƴan majalisa na Fabrairu 1993 MNSD ce ta zo ta ɗaya da kujeru 29 cikin 83, amma jam'iyyun da suka biyo bayanta suka haɗu cikin ƙawancen AFC suka yi rinjaye, suka kuma kai Mahaman Usman fadar shugaban ƙasa. A watan Satumba 1994 PNDS ta fice, ƙawancen ya rasa rinjayensa, rikicin da ya biyo baya ya ƙare da juyin mulkin Janairu 1996. Daga zaɓen ƙananan hukumomi na 24 ga Yuli 2004 kuma, wanda ya kafa majalisu a kwamin 265, abin da ya faru a Yamai ya zama ruwan dare: a gari bayan gari, jam'iyya mai kujera biyu ko uku ita ke yanke wanda zai zama magajin gari. An rusa waɗannan majalisu a watan Afrilu 2024 aka naɗa kantomomi, an kuma rusa jam'iyyun siyasa a watan Maris 2025.

Tarihin 1956 bai nuna cewa ƙawancen ƙananan jam'iyyu laifi ne ba. Ba don shi ba, da lebura da direbobi da ƴan dako ba su ga ɗan jam'iyyarsu a kan kujerar magajin gari ba, da kuma ƙuri'un da aka bai wa UDN da BNA, waɗanda suka ba su fiye da rabin kujerun majalisa, sun tashi a banza. Abin da ya nuna shi ne cewa an ƙulla yarjejeniyar a kan wanda za a kayar da kuma yadda za a raba muƙamai, aka bar manyan tambayoyi biyu, wato makomar sarauta da dangantaka da Faransa, ba a taɓa su ba. Da ranar amsa su ta zo, kowa ya koma inda ya fito, kuma waɗanda suka fi biyan kuɗin rabuwar su ne ƙananan magoya baya da ba su halarci zaman da aka ƙulla ƙawancen ba.

Akwai kuma wani rashi da ya shafi garin kansa. Majalisar da aka kafa domin kasuwa da ruwan sha da tituna da filayen Yamai, tun ranar farko ta zama tsani zuwa ga mulkin ƙasa, har ya kasance ana tuna wanda ya ci kujerar da yadda ya ci ta, ba a cika tuna abin da majalisar ta yi wa unguwanni ba. Malamin da ke koyar da tarihin wannan zamani zai samu a cikin kujerun nan 27 darasi mai sauƙin zanawa a allo: 13 a gefe ɗaya, 10 da 4 a ɗaya gefen. Tambayar da ta dace ya bar wa ɗalibansa ita ce, mene ne ya kamata masu 10 da masu 4 su rubuta su sa hannu a kai kafin su shiga zauren.